Baikon Oga Tadi

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa ƙyauren ƙarfe a Durumi, da wuya a ce bai san Thaddeus ba, ko da yake kaɗan ne ke iya kiran sunan daidai. Hausawan unguwar sun daɗe da gutsure shi, suka bar masa Oga Tadi, shi ma ya amsa. Mai walda ne. Rumfarsa ta kwano tana bakin hanyar da ta gangara rafi, kullum akwai ƙyaure ɗaya ko biyu jingine da bango suna jiran mai su. Gajere ne kakkaura, hannayensa duk tabon tartsatsi, baƙin tabarau kuma a goshinsa yake kwana yake tashi.

A wani ƙauye da ke kan duwatsun Filato aka haife shi, can bayan Pankshin. A gidansu ba Hausa ake yi ba. A coci ya fara jin ta, domin da ita ake wa'azi, da ita ake waƙa, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki. Sauran ya tsinta a garejin da ya koyi walda a Jos, ya ƙarasa a Abuja. Shi ya sa Hausarsa ta zama iri biyu a baki ɗaya. Idan ya so, sai ya jefo maka tsohuwar kalma mai nauyi irin ta wa'azi, jinƙai ko alheri ko madalla, a jimlar da ke biye kuma ya ce maka, "Matata ya tafi kasuwa." Ba wanda ya taɓa damuwa, don rabin masu Hausa a Abuja haka suke yin ta.

Matar tasa sunanta Prudence, 'yar Tibi ce daga Gboko, tana sayar da manja da garin rogo a ƙofar gida. Yaransu sun girma, biyu suna makaranta a Lafiya, babbar ta yi aure. Ban da walda, Thaddeus yana da gonar haya a wani ƙauye kusa da Bwari. Ranar Asabar yake zuwa, da damina ya yi noma, da rani ya duba rumbun da mai gonar ya bar masa ya ajiye masara da dawa.

Shekaru da yawa ba shi kaɗai ba ne a rumfar. Akwai Lukmanu, Bazazzagi mai fenti. Thaddeus ya haɗa ƙyaure, Lukmanu ya goge tsatsa ya shafa fenti, su raba abin da aka samu. Lukmanu yana da wata al'ada: duk Juma'a da safe, kafin ya taɓa gwangwanin fenti, sai ya sayi ƙosai da koko ya kai wa leburorin da ke zama a mahaɗar hanya da shebur da diga suna jiran mai ɗaukarsu aiki. Ko an samu ciniki a makon ko ba a samu ba, sai ya kai.

Thaddeus yakan tsokane shi. "Alhajin leburori! Kai ma ba ka ci ba, kana ciyar da ƙarti."

"Ai shi ya sa na sa masa rana, arnen dutse," in ji Lukmanu. "In na ce sai na samu, ba zan taɓa bayarwa ba. Juma'a kuwa ba ta tambayata ko na samu, zuwa kawai take yi."

"Mu ma muna da Lahadi."

"To, ka ga mun yi canjaras. Miƙo mini burushin nan."

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Lukmanu. Kafin a yi wata doguwar jinya ya rasu, ya bar matarsa Sa'adiya da 'ya'ya mata uku a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya mai yawan jama'a. Thaddeus ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama. Ya koma rumfa ya tarar da ƙyauren da suka fara tare, rabi da fenti rabi babu.

Lahadin da ta biyo baya, yana zaune a coci aka zo lokacin da ake zagayawa da kwando kowa ya saka abin da ya kawo wa Allah. A Hausar coci wannan shi ake kira baiko. Tun yana yaro haka ya ji ana faɗa, uwarsa ma da kan dawa take zuwa in ba ta da kuɗi, ta ajiye a gaban bagade, teburin da ke gaban coci. Yana riƙe da nasa ya tuna yaran Lukmanu. Da suka koma gida ya ce wa Prudence daga yau baikonsa zai rabu biyu, rabi ya shiga kwando, rabi ya tafi gidan Lukmanu, kuma ba kuɗi zai kai ba, abinci zai kai. Prudence ba ta yi musu ba. Ta ɗauko ƙaramin buhu ta auna garin masara, ta ƙara doya biyu da kwalbar manja, ta ɗaure bakin.

Haka abin ya fara, haka kuma ya zauna. Duk Lahadi bayan an tashi daga sujadar coci, Thaddeus zai ci abinci, ya saɓa buhu a kafaɗa da kayan cocinsa a jiki, ya bi ta bayan injin niƙa, ya tsallake kwata, ya tsaya a ƙofar gidan. Ba ya shiga. Sallama yake yi da ƙarfi irin na wanda ya saba magana cikin ƙarar janareta.

"Salamu alaikum! A gaya wa madam na kawo baikona!"

Sai Hafsah, babbar 'yar Lukmanu, ta fito ta durƙusa ta gaishe shi ta karɓa. Ya tambaye ta makaranta, ya tambayi ƙannenta, wani lokaci su ma su fito su kama hannunsa suna ƙirga tabon wuta. Daga ciki Sa'adiya ta ɗaga murya ta ce an gode, Allah ya saka da alheri. Ya ce amin, ya juya. Duk mako wannan 'yar tsayuwar ce abin da ya fi so, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙaramar yarinyar da goshin ubanta ta zo.

Wani makon aiki yakan tsaya cak, babu wuta, babu mai son ƙyaure. Sai buhun ya ragu, ya zama garin masara kaɗai. Amma bai taɓa fashi ba. Ranar da ya yi ciwon ido saboda hasken walda ma, da tsumma a fuska ya je.

Yakan ji matan gidan suna dariya idan ya yi sallama. Ya ɗauka Hausarsa ce, ya saba da wannan.

Sa'adiya ta gama takaba, aka yi sadaka, ta fara dafa ɗanwake tana sayarwa a cikin gida. Bayan nan da 'yan watanni, wata Lahadi Thaddeus ya yi sallamarsa kamar kullum. Hafsah ta fito, ta gaishe shi, amma ba ta miƙa hannu ba. Idonta a ƙasa ta ce, "Umma ta ce an gode ƙwarai, amma a mayar."

"A mayar ina?"

"Haka dai ta ce."

Ya tsaya da buhu a kafaɗa. Daga ciki ba a ce komai ba, ba a kuma yi dariya ba. Ya juya gida.

Prudence ta kwance buhun ta shinshina garin, ta fasa doya ɗaya ta duba. Lafiya lau. "Ko ka faɗa wani abu ne?" ta tambaye shi. Ya rantse bai ce komai ba sai abin da ya saba faɗa. Lahadi ta sake zagayowa, ya sake zuwa, wannan karon da shinkafa a ciki. Ko Hafsah ba ta fito ba. Wata maƙwabciyarsu da ake kira Maman Ameer ce ta leƙo ta ce masa ba sa nan, alhali yana jin muryar ƙaramar a tsakar gida.

Makon nan bai yi aikin kirki ba. Ya yi ta juya abin a ransa. Ko don daga coci yake zuwa da kayan? Amma ai sun daɗe suna karɓa. Ko wani ya ce musu abincin yana da wani abu? Ko sun samu mai taimakonsu ne, ba sa bukata? Da haka ne da ya ji daɗi, sai dai ya ga Hafsah a hanya da takalmin makaranta ɗaure da waya. Ya san ɗanwake ba zai riƙe baki huɗu da kuɗin haya ba.

Ranar Talata da la'asar wata mota ta tsaya a gaban rumfar. Wani dogon mutum ya fito da farar shadda da katin ofis rataye a wuya. Thaddeus ya gane shi, ya gan shi a wurin jana'iza. Zulkifilu ne, yayan Lukmanu, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune can Kubwa. Thaddeus ya kashe inji, ya ɗaga tabarau, ya goge benci da hannun riga.

"Oga, sannu da zuwa. Ga wuri."

"Bar shi, ba zama na zo yi ba," in ji Zulkifilu. Bai ɗaga murya ba. "Na san kai abokin marigayi ne, shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba. Tambaya ɗaya ce. Wa ka nema a cikinmu kafin ka kai baiko gidan ƙanena?"

"Ana neman wani ne?"

"Au, ba a nema?"

"A wurinmu ba a tambaya kowa, oga. Mutum da zuciyarsa ne. In ka ga kana so ka yi, sai ka yi."

Zulkifilu ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kana da mata, ko?"

"Ina da shi. Shi ne ma yake ɗaure mini kayan."

"Matarka ce ke ɗaure maka kayan baikon?"

"Kowane Lahadi."

"Kowace Lahadi? Baikon sau nawa ake yin sa?"

"Har mutum ya mutu, oga. Ni tun ina yaro nake yi. Babana ya yi, mamana ya yi. Matata ma yana yin nasa dabam."

Zulkifilu ya tsaya yana kallon ƙasa. Can sai ya zauna a kan bencin da ya ƙi, bai ko kula da farar shaddarsa ba.

"Tsaya," ya ce. "Akwai wata a ofishinmu, 'yar Kafanchan. Ran nan na ji tana neman canji, ta ce na baikon coci ne. Abin da kuke sakawa a kwando, shi kuke ce wa baiko?"

"Shi ne mana. Da me za a ce masa?"

Zulkifilu ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ya yi dariya har da hawaye, Thaddeus yana tsaye bai san abin dariyar ba. Da ya natsu ya share ido ya ce, "Malam Tadi, zauna. A wurinmu baiko shi ne a tsayar wa mutum da matar da zai aura. In an ce an yi wa mace baiko, an ba da ita ke nan, saura ɗaurin aure. Kai kuwa ka yi wata da watanni kana tsayawa a ƙofar matar mamaci kana shelar ka kawo baikonka."

Thaddeus ya zauna a kan tulin ƙarfe. Ya cire tabarau daga goshi ya riƙe a hannu.

"Yesu," ya ce a hankali. "Madam Lukmanu? Ni?"

"Da tana cikin takaba, matan gidan wasa suka ɗauke shi. Da ta fita, sai wasan ya canja. Wannan ta faɗa wa waccan, har ya kai Zariya. An gaya wa tsohuwarmu wai wani Kirista mai mata ya kai kayan baiko, Sa'adiya ta karɓa, kuma da jikokinta za a tafi. Tsohuwa ta ce in an yi hutu in kwaso mata yaran."

"To me ya sa madam bai gaya mini ba?"

"Na tambaye ta jiya. Kuka kawai ta yi, ta ce ba abin da ke tsakaninku. Ta ce tun ranar farko ta gane abin da kake nufi, don marigayi yakan ba ta labarin Hausarka. Amma ta yaya za ta dubi abokin mijinta ta gyara masa irin wannan kalma? Ni kuma ban tsaya na saurare ta da kyau ba, raina a ɓace yake." Ya gyara zama. "Ban ma san kana kai musu abinci duk mako ba. Ni sai ƙarshen wata nake leƙa su. Allah ya saka maka."

Thaddeus bai amsa godiyar ba. "Yanzu za a ɗauke yaran?"

"Zan kira tsohuwa yau in warware mata. Za ta yi dariya, na san ta. Amma Zariya mai sauƙi ce, Durumi ce wahala. Ba zan iya bin gida gida ina fassara ba. Gaskiya ita ce, kada a sake ganin ka a ƙofar nan. Ko da wace kalma ka zo, an riga an sa maka ido, ita kuma mace ce mai sauran rayuwa a gaba."

"Shi ke nan abincin ya tsaya?"

Zulkifilu ya miƙe yana kaɗe rigarsa. "Wannan kuma ban san yadda za a yi ba. Ni dai na faɗa maka abin da zai kare mata mutunci."

Da yamma Thaddeus ya ba Prudence labari. Ta ajiye mazurarin manja ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce ita ma ba ta taɓa sanin kalmar tana da wata fuska ba. Da ta ga shi bai yi dariya ba, ta daina.

"To mene ne na ɓata rai?" ta ce. "An ce kada a ga kai. An ce kada a ga ni?"

Ranar Lahadi bayan sujada ba ta cire zanen zumuntar matan coci ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗora buhun a ka, ta ce ya nuna mata hanya. Suka bi ta bayan injin niƙa, suka tsallake kwata. A kwanar da mai gyaran takalmi yake zama ta ce ya tsaya nan. Ya tsaya yana kallo har ta kai ƙofar. Ba ta yi sallama daga waje ba, kai tsaye ta shige.

Ya zauna a kan dutse kusa da mai gyaran takalmin, suka gaisa. Ya ga 'yan garuwa sun wuce sun dawo. Ya ji kiran sallar la'asar. Sau biyu ya miƙe kamar zai tafi gida, ya koma ya zauna. In ta fito da buhun a ka, ya san magana ta ƙare, bai kuma san wata hanyar ba.

Da ta fito, hannunta ɗauke yake da kwano rufe da faranti, kanta babu komai. Maman Ameer ce ta rako ta har ƙofa, suna ta hira kamar sun shekara da sanin juna.

"Yaya?" ya tambaya tun kafin ta iso.

"Bari in huta mana, Oga Baiko."

"Prudence."

"Na shiga na gaishe su duka, ɗaki ɗaki. Na ce ni ne matar mai walda, na zo ganin amaryan da aka ce mijina ya samu. Tsit suka yi. Sai na ce musu su dube shi da kyau in ya wuce, mutumin da gashin hancinsa ma ya ƙone, wace mace zai so shi in ba ni da na riga na saba ba? Wannan Maman Ameer ɗin har ƙasa ta zauna don dariya. Na gaya musu abin da muke ce wa baiko a coci. Wata tsohuwa ta ce to ai sadaka ke nan, me ya hana shi ya ce sadaka? Na ce ku tambaye shi, ni ma fama nake da shi."

"Madam fa?"

"Ta yi kuka kaɗan, ta yi dariya kaɗan. Ta ce in ba ka haƙuri da aka mayar maka da kaya. Yayan mijinta ya kira Zariya, ba inda yaran za su je." Ta miƙa masa kwanon. "Riƙe, ɗanwake ne, da zafinsa."

Ya karɓa da hannu biyu. Suka kama hanyar gida, tana gaba yana biye.

Tun daga ranar Prudence ce ke kai buhun. Shi ne dai ke nomawa, shi ke aunawa, shi ke saɓa shi a kafaɗa har kwanar mai gyaran takalmi, daga nan ta ɗora a ka ta ƙarasa. Bai sake taka ƙofar gidan ba. Yaran ba ya ganin su sai in an yi sa'a sun haɗu a hanya, wannan kuwa yana damun sa, ko da yake ba ya faɗa. Prudence takan daɗe a ciki, don yanzu har kitso ake yi mata a can, shi kuma ya zauna a kan dutse ya jira.

Wata Lahadi ta fito tana gyara ɗankwali ta ce masa akwai saƙo. Ya miƙe daga kan dutsen.

"Sa'adiya ta ce in gaya maka, in ba damuwa, mako mai zuwa a rage masara a sa wake. Yaran sun gaji da tuwo, ita kuma waken ya yi tsada a nan."

Tun da ya fara kai kayan, ba ta taɓa neman komai da bakinta ba sai ranar. Thaddeus bai shuka wake ba a shekarar. Ranar Asabar da ya je Bwari, bai wuce gona kai tsaye ba, sai da ya fara shiga kasuwa, ya bi layin masu hatsi yana damƙar wake yana duba wanda ba shi da ƙwari.